Wayar Iska Mai Tsaron Ruwan Gari



Mutanen Udubo da sauran garuruwan Gamawa, Azare da Katagum sun san darajar ruwa. Damina gajeriya ce, rani kuwa mai tsawo, galibin ruwan sha kuma daga ƙarƙashin ƙasa ake samunsa. Sau da yawa rijiyar burtsatse tana bayan gari, tankin da ake tura wa ruwa yana tsakiyar gari. In ba mai lura, tanki ya cika ya yi ta ambaliya, ko kuwa ruwan rijiya ya ja baya, famfo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Maganin wannan asara shi ne a haɗa tanki da rijiya ta wayar iska, watau rediyo.

Abubuwa uku ne ke wannan aiki. Na farko ma'auni, wanda ake sakawa a gindin tanki yana auna nauyin ruwan da ke bisansa. Shi ke mai da awon ya zama 'yar wutar lantarki: miliamfa 4 tanki ya ƙafe, miliamfa 20 ya cika. Da gangan aka fara daga 4, domin in aka ga babu wuta sam, an san waya ce ta tsinke. Na biyu rediyo, ɗaya a tanki ɗaya a rijiya. Na uku akwatin sarrafawa, wanda ke karɓar saƙo ya kunna famfo ko ya kashe. Akan sa wani ma'aunin cikin rijiyar kanta, don a tsai da famfo in ruwa ya yi ƙasa.

Wajen kafawa, lalle ne a sa rediyoyin biyu a kan zango ɗaya, a ba kowane lambarsa, don kada saƙon wani tanki ya kashe famfon wani gari. A ɗaga eriya sama da rufin gidaje da kan itatuwa, yadda biyun za su hangi juna. A tuna dalbejiyar da ba ta kai komai ba bana, baɗi tana iya tare hanya. A binne sandar ƙarfe saboda tsawa. Sa'an nan a umurci akwatin cewa in ya daɗe bai ji saƙo ba, ya tsai da famfo da kansa. Kada a sallami ma'aikaci sai an gwada wannan a gaban dattawa: a kashe rediyon tanki, a ga ko famfo zai tsaya.

Har wa yau, zangon rediyo ba kiwon sake ba ne. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1992, ita ke tantance kayan sadarwa, saboda haka a sayi wanda ta amince da shi.

Irin wannan dabara ce ake bi a auna tashin kogi. Kogin Jama'are ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Katagum, ya haɗu da na Haɗejiya wajen Gashuwa. Saƙon rediyo yana riga ruwa isowa, wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 kuwa ya san amfanin gargaɗi da wuri.

Amma fa na'ura ba ta tsaron kanta. Faifan hasken rana da batir su ne ranta, su ne kuma abin da ɓarawo ke nema. A riƙa goge ƙurar hunturu daga faifan, a hana yara jifar eriya, a sanar da mai unguwa da zarar an ga baƙon hannu a wurin. Kayan na jama'a ne, in sun lalace kuwa mata da yara ne za su koma ɗaukar tulu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.