Jirgin Ƙasa da Tasi a Ƙasar Waje: Jawabi ga Matafiyanmu

 

An nemi mu 'yan kasuwa da muka ɗan taka ƙasashen waje mu yi wa 'yan'uwa bayani a kan zirga-zirga a can, musamman masu niyyar Umra da masu zuwa saro kaya. To, mu nan Gashuwa jirgin ƙasa ba baƙonmu ba ne. Tun 1930 dogo ya iso Nguru daga Kano, iyayenmu sun yi ta safarar gyaɗa da fatu da bandar kifi a cikinsa. Amma fa jirgin da muka sani, wanda ake zuwa tasha da tabarma da buhuna a zauna zaman jiransa, ba irinsa ne a can ba. Na can ba ya jiran kowa, kuma ba a roƙon ma'aikaci ya yi haƙuri.

Mu fara da ƙasa mai tsarki. Jirgin Haramaini, wanda ya fara ɗaukar jama'a a 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita 450 cikin kamar awa biyu da rabi. Har a filin jirgin saman Jidda yana da tasha. Tikiti da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yankarsa, da lambar tarago da ta kujera. Saboda haka ba a ba wani tikitin wani, kuma a riƙe fasfo a hannu. A watan azumi kujeru kan ƙare da wuri, sai a yanka tun da sauran kwanaki. Wanda bai iya da waya ba ya sa yaro ya yi masa. Sannan tashar Makka tana Rusaifa ne, ba a bakin Harami ba, ta Madina ma ta fi nisa da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A fito masauki da awa guda a hannu, domin ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi.

Sai maganar kaya, inda mu Hausawa muke da rauni. Abin da aka yarje wa fasinja shi ne akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, da jakar hannu. Hajiya, in kin sayo bargo da dardumai da dabino kwali-kwali, ki ba masu kago tun kafin ranar tafiya, ko ki bi mota.

Ga wanda ya fi duka nauyi. Mai tasowa daga Madina da niyyar Umra, miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali. Motar haya tana tsayawa a masallacin a yi wanka a ɗaura harami, jirgi kuwa ba ya tsayawa, kuma jim kaɗan bayan tashi ya wuce wurin. Wanda ya shiga da babbar riga yana cewa sai an kai miƙati, to zai wuce shi ba harami, ga yanka ya hau kansa. Don haka a yi wanka a ɗaura tun a masauki. Batun daidai inda za a ƙulla niyya, ga malamanmu nan zaune, a tambaye su kafin a bar gida.

Tasi kuma, kada a shiga sai an gama magana. Larabcin da muka koya a Islamiyya yana taimako, amma na titi gudu yake yi. Sa'armu ɗaya, ashirin da talatin da hamsin duk lissafinmu ne. Sai dai a kasa kunne: hamsa ashar riyal 15 ne, hamsin kuwa 50, kuma nan rigima take tashi in an sauka. A sa direba ya rubuta kuɗin a waya a gani, a kuma tambaya: na motar duka ne ko na kowane kai? Bayan sallame salla kuɗi kan hau, a ɗan dakata jama'a su ragu. Mai Uber ko Careem a wayarsa ya huta da ciniki, tun kafin ya shiga ya ga kuɗin. Katin masauki kada ya bar aljihu, don "kusa da Harami" ba kwatance ba ne a Makka. In ana tare da iyali, namiji ya fara shiga, shi ne kuma na ƙarshen fita.

Masu zuwa Dubai, jirgin cikin garinsu da kati ake shiga, sunansa Nol, ana sayensa a tasha a zuba masa kuɗi. Mai zuwa kasuwannin Deira ya sauka a Baniyas. Akwai taragon mata da yara, namijin da ya shiga tarar dirhami 100 ce. Ci da sha a ciki ma tara ne, Alhaji, goron nan a bar shi a aljihu sai an fito. Tasinsu na mita ne, ba ciniki, a dai duba an kunna.

A Guangzhou ta ƙasar Sin kuwa, yawancin direbobi ba Turanci ba Larabci. A sa mai masauki ya rubuta sunan kasuwar da na masaukin da rubutunsu, a ɗauki hotonsa a waya, takardar kuma a ajiye ta cikin fasfo saboda ranar da caji ya ƙare.