Tekun da Ya Taɓa Mamaye Ƙasar Sakkwato



Dutsen farar ƙasa da ake haƙowa a Kalambaina ana yin siminti da shi, asalinsa ɓawon halittun ruwan gishiri ne. Sun rayu, sun mutu, sun taru a gindin teku kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A wancan zamani wani reshen teku ya ratso Sahara daga arewa, ya cika babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa Sakkwato da yammacin Nijar da gabashin Mali.

Tekun nan ba sau ɗaya ya zo ba, duwatsun kuwa sun riƙe labarin hawa-hawa. A ƙasa akwai yashin Taloka, na bakin gaɓa. Bisansa akwai baƙar lakar Dukamaje, wadda ta kwanta a cikin ruwan gishiri. A cikinta aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Sai yashin Wurno ya biyo, alamar ruwa ya ja baya. Da ya komo, ya ajiye lakar Dange da farar ƙasar Kalambaina. Bayan ya tafi gaba ɗaya, koguna suka shimfiɗa yashin Gwandu a kai.

Me ke sa teku hawa da sauka? Dalili na farko ƙanƙara ce. Shekara 20,000 da suka wuce, da ƙanƙara ta daskarar da ruwa mai yawa a doron ƙasa, teku ya sauka da kusan mita 120. Na biyu yana can gindin teku. Idan narkakken dutse ya yawaita ɓullowa a can, gindin sai ya kumbura, ruwa ya malalo kan tudu, kamar a jefa dutse a cikakkiyar randa.

Yaya ake sanin shekarun waɗannan shimfiɗu? A 1669 Nicolas Steno ya kafa ƙa'idar cewa na ƙasa ya girmi na sama. Amma wannan ƙa'ida jeri kawai take bayarwa, ba ta faɗin adadin shekaru. Adadin yana fitowa ne daga ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zakon da ke cikin tokar aman wuta, domin yuraniyom ɗin da ke ciki yana rikiɗa ya zama dalma bisa saurin da aka sani. Inda babu irin wannan toka, sai a jingina da burbushin halittu. A Dukamaje ana samun amonayit, wata halitta mai naɗaɗɗen ɓawo. Awon da aka yi a wasu ƙasashe ya nuna danginta sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Saboda haka Dukamaje ta girmi wannan iyaka, Kalambaina kuma, da ba ta da amonayit, ta zo bayan iyakar.

A 1977 Peter Vail da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa hawa da saukar teku sun bar sawu iri ɗaya a duk duniya, har a iya daidaita kwari da kwari da shi. Ra'ayin ya yi amfani ƙwarai, sai dai a yi hattara: ƙasa ma tana lotsawa tana tasowa, don haka dole a auna kowane kwari a kan kansa.

A nan aikinmu yake. Mai haƙa rijiyar burtsatse yana neman yashi mai riƙe ruwa, laka ce kuma ke tsare ruwan nan. Wanda ya san jerin shimfiɗun ya san zurfin da zai kai, ba zai ɓarnatar da kuɗin al'umma a busasshen rami ba. Ina roƙon ɗalibanmu su fita daji da guduma da littafi, su auna duwatsun nan da hannunsu, su rubuta sakamakon.