Ku Duba Idon Akuyarku Kafin Ku Sayi Magani

Mun san da yawanku akuya ɗaya ko biyu kuka tsira da su, kuma su ne nonon yara. To, damina ta kama, lokacin tsutsar ciki ke nan. Akwai wata siririya mai shan jinin tumaki da awaki. Macen tana zuba ƙwai dubbai a rana, su fita a cikin kashi, 'ya'yan su hau jiƙaƙƙiyar ciyawa, dabba ta cinye su.

A shekarun 1990, wani likitan dabbobi na Afirka ta Kudu, Dakta Faffa Malan, da abokan aikinsa sun nuna cewa ido yana bayyana ƙarancin jinin. Ku ja fatar idon ta ƙasa a hasken rana. In cikinta ja ne, lafiya lau. In ya yi fari, ko ƙasan haɓa ya kumbura, ku kawo mana ita a ranar.

Kada ku ɗura wa garke duka magani, kuma kada ku raba ƙwayar akuya ɗaya ga biyu don tsimi. Haka tsutsa ke sabawa har maganin ya daina ci. Mai sabon ciki kuwa, ku faɗa mana tukuna, domin albendazol yana iya cutar da ɗan tayi. Da safe ku bari raɓa ta bushe kafin a fita kiwo.