Salama a Cikin Tsanani: Jawabin Wakilin Kirista a Bikin Cika Shekara Ɗari na Sarautar Bune

 

Da masu shirya wannan biki suka aiko mini da takarda cewa an ware wa Kirista lokaci su ma su ce wani abu, na daɗe ina juya takardar nan a hannuna. Mu ba mu da yawa a ƙasar nan. In aka tara mu kaf, rumfa ɗaya daga cikin rumfunan nan ta ishe mu, har a sami wurin ajiye takalma. Da an yi biki an watse ba a kira mu ba, ba wanda zai ce an yi laifi. Tun da kuwa an kira mu, ba zan ɓata muku lokaci da kirari ba, maroƙa sun fi ni iyawa. Zan faɗi abin da addininmu ya koya mana game da kwanciyar rai a lokacin tsanani, domin shekaru ɗarin da muke bikinsu, ba duka ne na ƙoshi ba.

Sunan Bune ya girmi shekara ɗari nesa ba kusa ba. A nan sarakunan Muniyo suke zaune kafin Muniyoma Koso ya mai da fadarsa Gure. A zamanin Koso ne, cikin watan Disamba na 1852, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Bune a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Su uku suka taso daga Turai, amma kafin ya iso nan ya riga ya rasa abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg. Kirista ne shi kaɗai a tsakiyar Musulmi, ga baƙunta ga rashi, ya ratsa ƙasar Muniyo lafiya, ya isa Damagaram ranar 25 ga Disamba. Na kawo labarinsa ne don a san cewa barin baƙo ya wuce da addininsa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan.

Wahala kuwa, ba sai an ba mutumin Bune labarinta ba. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba ta 1913 da 1914. Iyayenmu sun ga fari na 1973 da 1974, suka ga bisashe suna faɗuwa a bakin rijiya. Mu mun ga 1984, mun ga 2005 bayan fara ta cinye gonaki. Yanzu kuma ga rairayi yana gangarowa kwari, yana binne goruba da dabino da wuraren kanwa, taku bayan taku. Yunwa ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gida ta tambayi alƙiblar mai gida ba.

Ku ba ni dama in yi maganar mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Kuturta ce ta kama shi yana saurayi, aka kai shi asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 1956. A can ya sami magani, a can ya koyi karatun boko, a can kuma ya karɓi bangaskiyar da nake kanta yau. Ƴan uwansa duka Musulmi ne, har gobe baffannina ne da gwaggwannina, kuma ba a taɓa yin suna ko jana'iza a danginmu ba ni ba. Ya dawo gida da yatsu guntaye da littafi guda, wato Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shi ma littafin yana da nasa tarihi. Masu bishara na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ja gabansa tare da wasu. Ta haka ne talaka irin mahaifina ya iya karanta wa kansa, ba tare da wani ya tsaya tsakaninsa da rubutun ba.

Da yake yatsunsa ba sa iya ɗaga takarda, ni ne mai juya masa shafi. A 1984, rumbunmu ya ƙare tun kafin sanyi ya fita, ga ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauke ƙanwata. Daren da muka binne ta, ya sa aka kunna aci-balbal, ya ce in buɗe littafin Ayuba. Na zaci zai nemi wurin da ake yabon haƙurin Ayuba, irin wanda kowa ya sani, Musulmi da Kirista. Sai ya sa na wuce can, ya tsaya a surorin da Ayuba yake kuka, yana kai ƙara gaban Allah, yana tambayar dalili. Ni yaro, tsoro ya kama ni, na ga kamar saɓo muke karantawa. Sai da muka kai ƙarshen littafin, bayan kwanaki, na ga abin da yake so in gani. Abokan Ayuba uku da suka zauna suna ba shi dalilan wahalarsa, suna cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, su ne Allah ya tsawata wa. Ayuba mai kukan nan shi aka karɓa, har aka ce shi zai yi musu addu'a. Kuma ba a taɓa gaya masa dalilin abin da ya same shi ba.

Tun daga ranar na daina gaggawar gaya wa mai makoki dalilin rashinsa. Haka kuma Zabura: waƙoƙi 150 ne a cikinta, kuma kaso mai yawa kukan mutane ne da ke cikin ƙunci. Abin da muke kira salama, ranka ya daɗe, ba rashin hawaye ba ne. Ku dubi kwarin nan namu. Daga kan tudu ba ka ganin komai sai rairayi da zafin rana, amma in ka gangara ka haƙa kamu kaɗan, ga ruwa. Ruwan bai hana rana zafi ba, amma shi ya riƙe dabino.

A nan wajibi ne in faɗi inda muka bambanta, domin ɓoye shi ba girmamawa ba ne a gare ku. Mu mun gaskata cewa Isa Almasihu ya sha wuya, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi, kuma ta wurinsa ne Allah ya buɗe mana hanyar ceto, kyauta ba da ƙoƙarinmu ba. Malamanmu da ke zaune a nan sun san Alƙur'ani bai faɗi haka ba, ni ma na sani. Ban zo gardama a gidan biki ba. Na faɗa ne don ku san daga ina ruwanmu yake ɓuɓɓugowa: idan Kirista yana cikin wahala, abin da yake riƙe shi shi ne imanin cewa Ubangijinsa ya riga shi shiga cikinta. Wanda kuma ya gaskata an yafe masa bashin da ba zai iya biya ba, ba shi da bakin riƙe wani da ƙullaci.

Faɗin wannan da baki abu ne mai sauƙi. An gwada mu a kansa ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015. Wata jarida a Faransa, Charlie Hebdo, ta buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai. Mu ma bai yi mana daɗi ba, kuma ba mu muka zana ba. Amma bayan an sauko daga masallaci a Damagaram, zanga-zanga ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da makaranta da gidajen Kirista da cibiyar al'adun Faransa. Kashegari wutar ta kai Yamai, inda hukuma ta ce an ƙone majami'u 45. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu, gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana 3. Kirista ɗaruruwa suka kwana a barikin soja na Damagaram.

Ina Damagaram a lokacin, ina aikin koyarwa. Maƙwabcina, wani alhaji mai sayar da hatsi, shi ya shigo tun kafin taron ya iso unguwarmu, ya kwashe matata da ƴaƴana ya kai su cikin gidansa wajen iyalinsa, sa'an nan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da tasbaha. Da samari suka zo, ya ce musu babu kowa a ciki sai iyalinsa. Ban ɗauki maganar nan tasa ƙarya ba, kuma har yau haka muke da shi. Gidana kuwa bai tsira ba. Cikin abin da wuta ta ci har da littafin nan na mahaifina, mai alamar yatsuna na ƙuruciya a gefen kowane shafi.

Ba zan yaudare ku ba, na yi watanni ina addu'ar gafara da baki, zuciyata na wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cikin samarin na gane ɗaya, yaron da na koya wa baƙi da wasali a aji. Bayan fiye da shekara muka yi kaciɓis a tasha. Ya sunkuyar da kai zai wuce. Na kira sunansa, na tambayi mahaifiyarsa, ya amsa da ƙyar. Ba mu tada maganar ba, har yau kuma bai ce mini in yafe masa ba. Amma a daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Ba wata ɗaya aka yi da abin Damagaram ba, cikin Fabrairu 2015, Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, muka ga ƴan uwanmu Musulmi suna tahowa ta hanyar Gure da tabarmi a ka. Wanda ya kwana a bariki ya san abin da ke cikin idon mai gudun hijira.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙonmu ga wannan gidan sarauta ba mai tsada ba ne. Yau labari daga wata duniya yana shigowa aljihun yaro ta wayar salula kafin dattijo ya gama alwala. Idan irin wannan rana ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, muna roƙon zauren nan ya riga titi yin magana: a kira liman, a kira mu, a kira shugabannin samari, tun rana ba ta karkata ba. Abin da alhajin nan ya yi wa gida ɗaya da tabarmarsa, sarki yana iya yi wa ƙasa guda. Mu ma muna da namu gyaran. Akwai cikinmu masu kaifin harshe a kan addinin maƙwabtansu, akwai kuma lokutan da aka haɗa taimakon mayunwaci da wa'azi har abin ya zama kamar ciniki. Wannan ba koyarwar Almasihu ba ce, kuma mu ya kamata mu fara tsawata wa namu.

Sai maganar karatu, wadda ba zan iya sauka ban taɓa ta ba, ni da na tsufa da alli a hannu. Yaron da ya iya karanta littafin addininsa da kansa, ya san ma'anarsa, da wuya wani ya ba shi ashana da sunan Allah. A bar yara, maza da mata, su riƙe allo su riƙe lakwal, kada talla ko kiwo ko auren wuri ya yanke musu.

Littafinmu ya umarce mu mu riƙa yi wa sarakuna da masu mulki addu'a, kuma kowace Lahadi muna ambaton wannan gida a cikin addu'armu. Idan kuma aka buga gangar gayya don kafa shingen kalimbo a bakin kwari, a aiko mana kamar yadda aka aiko mana da takardar biki, za mu zo da gatarinmu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu damina mai albarka.