Akawu da Kwamfuta: Jawabi Ga Ma'aikatan Ofis

Sanin kowa ne aikin ofis ya sake kama. A da, in akawu ya iya buga tafireta da ajiyar fayil, ya gama. Yanzu kuwa wanda bai san yadda kwamfuta take magana da 'yar'uwarta ba, aikin jama'a zai tsaya a hannunsa.

Kwamfutocin ofis ɗaya akan haɗa su da waya ko ta iska, su zama kamar gidajen unguwa guda. Kowace tana da lambarta, watau adireshinta. Irin lambar da aka fi sani kashi huɗu ce, kowane kashi daga 0 zuwa 255. Akwai kuma wata 'yar na'ura, rauta, wadda take matsayin gidan waya, ita ke miƙa saƙo zuwa waje. Saƙon ba ya tafiya ɗungurungum. Yayyanka shi ake yi, kowane yanki da adireshinsa, in sun isa a sake harhaɗa su. An gwada wannan dabara a Amurka cikin 1969 da kwamfuta huɗu. A 1983 aka sa su bin ƙa'ida ɗaya, wadda intanet take kanta har yau.

Saboda haka in saƙo ya ƙi tafiya, kada akawu ya yi saurin cewa kwamfuta ta lalace. Ya fara duba ko waya ta zare, sa'an nan ya duba fitilar rauta, kana ya kira mai gyara.

Manhaja biyu ce ba makawa sai ya iya. Word, wadda ta fito a 1983, ta rubuta wasiƙa ce da rahoto. Excel, ta 1985, ta lissafi ce. Shafinta gida-gida ne, kowane gida da harafi da lamba, kuma umurnin lissafi da alamar = yake farawa. In an gyara albashin mutum ɗaya, jimla za ta gyara kanta. Amma fa na'ura ba ta san kuskure ba. Wanda ya buga 500,000 a maimakon 50,000, haka za ta tara, baitulmali ya yi asara.

Sauran ka'idodi uku. Na fari, a riƙa adana aiki a kai a kai da danna Ctrl da S, don wuta ba ta sallama in za ta ɗauke. Na biyu, muhimmin fayil a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam. Na uku, kalmar sirri mabuɗin ofis ce, ba a ba da aronta, ba a kuma buɗe fayil ɗin da baƙo ya aiko.

Kada tsohon ma'aikaci ya ji kunyar tambayar yaronsa. Gemu ba ya hana ilmi, kuma takardun talakawa amana ce a hannun akawu.