Gida Ɗaya, Takardu Daban-daban: Jawabin Sakatare a Taron Wata-wata



Maganarmu ta yau ta shafi gidaje da dama a nan Kurmi, ko a Sabon Ibadan ne, ko Agege, ko Shagamu. Za ka tarar da gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma matsayin mutanen gidan a wajen hukuma ba ɗaya ba ne. Maigida mutumin Maraɗi ne ko Damagaram, uwargida Bakanuwa, 'ya'ya kuma a nan aka yanke musu cibi.

Ga yadda doka ta ce. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya nuna duk wanda aka haifa a Nijeriya, muddin uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman rajista, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda a shigo ba biza har kwana 90, bayan nan sai da katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A lokacin ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan Nijar har sai an ba da wata sanarwa. Wannan "har sai" ɗin ita ce ke hana wasu iyayenmu barci, domin ba su manta da korar baƙi daga Gana a 1969 ba, da wadda aka yi a nan a 1983.

Irin wannan fargaba idan ta daɗe takan zama ciwo. Maigida ya daina fita nesa, ya riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Uwargida na fama da ciwon kai da faɗuwar gaba, an auna jini ba a ga komai ba. Yaro ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi makaranta, don yana tsoron kafin ya dawo an tafi da babansa. Mu kuma sai mu ce iska ce ko sammu. Ba mu hana addu'a ba, amma addu'a ba ta hana neman magani.

To, me masana lafiyar ƙwaƙwalwa ke yi wa irin wannan gida?

Na farko, suna riƙe sirri. Likita ba jami'in shige da fice ba ne, kuma aikinsa ya hana shi fallasa abin da ka faɗa masa, sai fa idan rai na cikin haɗari ko kotu ta umarta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na a mutunta shi, a kuma ɓoye sirrinsa.

Na biyu, suna duba gidan gaba ɗaya, ba mutum ɗaya ba. Sukan zaunar da miji da mata, wani lokaci har da yara, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. A nan ake gano yadda takarda ta zama makami a gida, kamar mai cewa "in na ga dama gobe a kore ka", ko yaron da aka ɗora wa nauyin shiga kowane ofis saboda shi kaɗai ke da takarda. Wannan salo ba baƙo ba ne. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowane majinyaci tare da ɗan'uwansa.

Na uku, suna koya wa iyaye yadda za su gaya wa yara gaskiya daidai da shekarunsu. Yaro yana jin raɗe-raɗin manya, kuma abin da ya ƙiyasta a ransa yakan fi gaskiyar muni. Haka kuma ba sa son a mai da yaro tafinta, domin uwa ba za ta faɗi damuwarta ta bakin ɗanta ba. A tafi da babba amintacce.

Na huɗu, suna taimaka wa gida ya yi shiri. Idan aka tsare maigida, wa zai ɗauko yara daga makaranta? Wa za a kira? Ina aka ajiye takardun haihuwa da na aure? Rigakafi ya fi magani, kuma mai shiri ya fi samun barci.

Na biyar, sun san iyakarsu. Likita ba ya ba da katin zama, sai dai shi ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibiti ya tura ka wajen lauya. Magani na rage ciwo, gyara takarda na rage sanadinsa, sai a haɗa biyun.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Aro, da Yaba a Legas, da Uselu a Benin, da Inugu, da Kalaba, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Ibadan. Ba sai mutum ya tuɓe riga a kasuwa ake zuwa ba. Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba walwala, a kai shi. Wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a kwana.

Roƙonmu shi ne, kowane gida ya yi wa yaransa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya, wanda katinsa ya ƙare ya sabunta. Wanda karatun takarda ke ba wuya ya kawo ta ajin yaƙi da jahilci, mu karanta tare. Kuma mu daina yi wa juna gori da asali, domin makwabcin da muke kira baƙo shi ne uban 'ya'yan ƙanwarmu.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.