Minsharin Da Ke Tsayar Da Numfashi Da Na'urar Da Ke Magance Shi



Mun taso muna ɗaukar minshari abin raha, har mukan ce wane ya samu barci. To, akwai minsharin da cuta ne. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro kan saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sai mutum ya zabura ya ja iska, ya koma barci bai sani ba. Wanda abin ya tsananta gare shi yakan yi haka fiye da sau 30 cikin awa guda. Mai ɗakinsa ce ke ganin wannan. Shi abin da ya sani kawai ciwon kai da safe da gyangyaɗi a ofis. Ƙiba da kaurin wuya na cikin manyan dalilansa, zaman birni kuwa ya ba da yawanmu duka biyun. Cutar tana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Mu da ke tuƙo iyali daga Kano ta Gujungu kowace Sallah, gyangyaɗin nan ya fi komai ba mu tsoro.

A shekarar 1981, Colin Sullivan, likita a birnin Sidni na Ostireliya, ya bayyana na'urar CPAP, mai hura iska ta abin rufe hanci don ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ƙarfin iskarta ɗaya ne har gari ya waye. Ƙanwarta, APAP, tana bin numfashin mai barci: in ta ji toshewa ta ƙara ƙarfi, in hanya ta buɗe ta sassauta, galibi tsakanin 4 da 20 a ma'aunin santimitar ruwa. Amfanin haka a fili yake, domin buƙatar wanda ya kwanta rigingine ta fi ta wanda ya kwanta ta gefe.

Sai dai muna roƙo, kada ɗa ya sayo ta ya aika wa mahaifinsa a Auyo ko Guri haka kawai. A fara ganin likita a yi gwajin barci, domin ba ta dace da wasu masu raunin zuciya ko daɗaɗɗen ciwon huhu ba. Ba ta kuma raba mutum da cutar. Daren da aka ajiye ta, toshewar ta dawo. Tana son wuta dare duka, don haka a haɗa kuɗin batir da sola cikin lissafi, a kuma riƙa duba matatar iskarta lokacin ƙurar hunturu.